Kafin Ki Kama Hanyar Digiri na Biyu

Jikata, ko in ce amaryata, tunda har yau ba ki sallame ni ba. Mahaifiyarki ta kawo mini albishir cewa kin samu gurbin digiri na biyu a fannin kula da albarkatun ƙasa da muhalli. Allah ya sanya albarka. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, ke kuwa kin tsallake uban kin gaji kakan. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina malamin daji, don haka ara mini kunnenki kaɗan.

Bari in fara da abin kunyata. Bayan farin 1973 da na 1984, aikin da muka sani shi ne renon dashe. Mu cika ledoji da ƙasa da taki, mu reni turare da darbejiya, damina na faɗuwa mu loda a mota mu kai ƙauye. A yi taro, hakimi ya dasa na farko, a tafa, a watse. Kafin bazara awaki sun cinye rabi, gara da ƙishirwa sun gama da saura. Shekara ta zagayo mu sake. A rahoto kuwa adadin da aka dasa muke rubutawa, wanda ya rayu ba mai tambaya. Manomi kuma in ya sare reshe a gonarsa mu ci shi tara. To, wa zai reni bishiyar da za ta jawo masa sammaci? Da ta tsiro sai ya tumɓuke ta, kowa ya huta.

Ana cikin haka, can ƙasar Maraɗi, wajen 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da ake sarewa duk shekara lokacin sharar gona toho ne daga kututturen bishiyoyi masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Abin yi kawai a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Aka sa wa dabarar suna sassabin zamani. Ba leda, ba mota, ba ban ruwa. Da manoma suka sakankance cewa itacen nasu ne, sai abin ya bazu, har yau ana maganar kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, akasari a Maraɗi da Damagaram. Gawo na cikin itatuwan da suka fi dawowa. Shi gawo da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, geron gindinsa kuma ya fi na saura kyau, da rani dabbobi su ci 'ya'yansa. Kowane tsohon manomi ya san wannan. Mu ne ba mu taɓa zama mun tambaya ba, muna taƙama da kaki da takarda.

Shi ya sa nake so, in an zo zaɓen batun bincike, kada ki rungumi abin da ya fi ƙarfin hannunki. Sauyin yanayi a Afirka magana ce mai daɗin faɗi, amma wata goma sha takwas na karatunki ba sa ɗaukar ta. Ki kama wuri ɗaya da matsala ɗaya. Dubi fadamar Haɗejiya zuwa Nguru. Da can ambaliya ke raba wa kowa lokacinsa: ruwa ya cika, masunta su kama kifi, a noma shinkafa, ya janye a shuka kayan rani, makiyaya su shigo da shanu. Aka gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya. Inda a da yake zuwa ya wuce, yanzu ya kwanta shekara cur, kachalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, jan baki kuma suka mai da ita makwanci suna kai wa hatsi farmaki. Mutumin Kano na son ruwan famfo, manomin Kadawa na son na noman rani, masuncin Nguru na son na kifi, kogi kuwa ɗaya ne. Ƙauye biyu a bakin wannan ruwa sun ishe ki kundi.

In kuma hankalinki ya fi karkata ga ma'adinai, ki tuna da Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400.

Malamin da zai duba aikinki, ki bincika halinsa wurin ɗalibansa na baya kafin ki duba yawan muƙamansa. Yana karanta abin da aka ba shi? Yana fita daji? Ki dage da ilmin ƙididdiga ko da yana ba ki ciwon kai, ki ƙware a karanta hotunan tauraron ɗan Adam, abin da mu ba mu samu ba. Amma hoton zai nuna miki kore ne kawai, ba zai gaya miki shinkafa ce ko kachalla ba sai kin taka da ƙafarki. Ki riƙa leƙa Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, ko ba can kike karatu ba.

Na taɓa ganin wani ɗalibi a gindin tsamiya da takardun tambayoyi ɗari, yana cike su shi kaɗai, yana sauya biro don kada a gane. Ya samu shaidarsa. Amma wata rana wani zai ɗauki alƙaluman nan ya tsara aiki a kansu. In mutum arba'in kika samu, rubuta arba'in. Ke kuma kina da abin da ni ban samu ba, za ki shiga cikin gida. Matan da ke nemo itacen girki da ganyen miya sun fi mai gari sanin wace bishiya ce ta ɓace da kuma yaushe. Ki je da rani, ki koma da damina, in kin gama ki sake komawa ki faɗa musu abin da kika gano da harshen da suka amsa miki tambaya.

Ki fara gaida mai gari kafin ki fito da littafi. Ki nemi dogon takalmin roba, kada ki shiga kwantaccen ruwa da ƙafa tsirara, akwai tsargiya. In kuma Nguru ɗin kika zaɓa, ki taho wa angonki da bandar kifi, mai laushi dai, haƙoran sun yi saura kaɗan.