Darasin lafiya: nama da tsakuwar ƙoda

Nama, kifi da ƙwai suna gina jiki. Abin da ke cikinsu mai ginawa, sunansa furotin.

Amma in nama ya yi yawa kullum, dattin da ƙoda take tacewa yana ƙaruwa. In ruwa ya yi kaɗan, fitsari ya yi kauri, dattin ya dunƙule ya zama tsakuwa. Sai ciwon kwiɓi mai tsanani, har da jini cikin fitsari.

Ƴan uwa, mu rage yawan nama da gishiri, mu ƙara wake. Kada mu bar nono. Lokacin zafi, mu sha ruwa mai tsabta, kamar lita 3 kowace rana. In ciwon ya zo, mu tafi likita.

Tambaya: Mi ke sa fitsari kauri?