Kwamfuta A Ofishin Hakimi: Yadda Za A Shirya Ta Da Yadda Za A Tsare Abin Da Ke Cikinta

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu na ƙasar Kankiya da ta Kusada, da sauran gundumomin Masarautar Katsina waɗanda kwamfuta ta shiga ofisoshinsu. Ba nufinmu ba ne mu mai da malamin hakimi makanike. Abin da mu ke so shi ne takardar da aka buga yau a same ta bayan shekara goma, ko da wanda ya buga ta ya bar aiki, a kuma karanta ta yadda aka nufa.

A zamanin En'e malamin hakimi yana da kundin haraji da na jangali, da fayil na wasiƙun da suka shigo da waɗanda suka fita. In an ɗauke shi zuwa wata gunduma, wanda ya gaje shi ya buɗe kabad ya tarad da kome a jere. Kwamfuta kuwa tana karɓar duk abin da aka zuba mata, ba ta tambayar inda za ta ajiye. Saboda haka a kan nemi takardar sulhun iyakar gona, malami ya rantse ya buga ta, amma a wuni ana lalube, masu ƙara suna zaune a zaure. Irin wannan ɓata tun ranar da aka kawo na'urar a ke maganinsa.

Gyaran Ranar Farko

Galibin kwamfutocin da a ke saye a kasuwannin Kano da Katsina, sababbi da na hannu, suna zuwa ne a shirye bisa al'adar Amurka. Lalle ne a sake musu shiri kafin a buga ko da wasiƙa ɗaya.

Abu na farko shi ne kwanan wata. Mu mun saba fara rubuta rana, sa'an nan wata. Amurkawa kuwa wata su ke farawa da shi. Watau 3/4/2025 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurinsu 4 ga Maris. In takardar kiran dagatai taro ta fita da irin wannan, ba a san ranar da kowa zai zo ba. Sai malami ya shiga wurin saitin lokaci da harshe na Windows, ya zaɓi Nijeriya a matsayin ƙasa, ya kuma duba agogo ya daidaita da namu. Duk da haka, a cikin wasiƙa ya fi kyau a rubuta sunan wata da kalmomi. Kwanan watan Hijira kuma kada a bar wa na'ura. Ita da lissafi ta ke aiki, mu kuwa da ganin wata da sanarwar Sarkin Musulmi, sau da yawa a kan sami bambancin kwana guda. Malami ya rubuta shi da kansa.

Na biyu girman takarda. Wadda a ke sayarwa a nan ita ce A4, faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Ta Amurka ta fi faɗi kaɗan, ta kuma fi gajarta. In ba a gaya wa manhajar Word cewa A4 ce ba, rubutu ba ya zama daidai a kan takarda, wurin sa hannun hakimi da hatimi ya kan gusa ko ya tsallaka shafi na biyu. Sau ɗaya a ke gyara wannan, a umurce ta ta riƙe shi kullum.

Haruffa Masu Lanƙwasa

Nan ne ya kamata a fi tsayawa, gama nan ne aka fi sakaci. Hausa tana da ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda babu su a allon rubutun Turanci. Magabata sun sha wahala a kansu. A dā akwai masu sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, daga baya aka tsai da lanƙwasa a ɗab'in Zariya, inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Masu tafireta kuma su kan gama bugu su bi da alƙalami suna lanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya. Abin mamaki ne a ce yau da aikin ya yi sauƙi, yau ne aka fi barinsa.

Wani zai ce ai mai karatu zai gane. Ba kullum ba. Wanda ya kai ƙara wurin hakimi daban ne da wanda ya kai kara. Baƙi da baki ba ɗaya ba ne a rahoton mai unguwa. In aka aika wa dagaci takin zamani da umurnin a raba ɗaiɗai, lanƙwasa ta faɗi, ya karanta a raba daidai, to, an sake umurnin, ba kuwa laifinsa ba ne. Takardar ofis shaida ce, wata rana har gaban alƙali a kan kai ta.

Akwai hanya biyu. Windows tana da allon rubutu na Hausa a cikinta, ba sai an saya ba. A wurin saitin harshe a ke ƙara shi, sa'an nan in an danna maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara sai a koma daga Turanci zuwa Hausa, ko daga Hausa zuwa Turanci. Ɗaya hanyar kuwa a cikin Word ta ke. Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin duniya da a ke kira Unicode: ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199. Manyansu kuma Ɓ 0181, Ɗ 018A, Ƙ 0198. Alamar Naira 20A6. In malami ya buga lambar, ya danna Alt tare da X, sai ta juye ta zama harafin. Amma a lura: in harafin da ke gabanta yana cikin a, b, c, d, e, f, na'ura ta kan haɗa shi da lambar ta ruɗe. Maganinsa a fara buga U+ kafin lambar. Ya kamata a rubuta waɗannan lambobi a ƙaramar takarda a manna a jikin tebur.

Wannan hanya tana da jinkiri ga mai aiki da yawa. Abin da ya fi shi ne malami ya ba kowane harafi maɓallinsa. Ya shiga inda aka rubuta Insert, ya nemi Symbol, ya buɗe cikakken jerin alamomi, ya zaɓi ƙ, ya danna wurin sa gajeriyar hanya, ya ba ta Alt da K. Haka zai yi wa ɗ da ɓ da manyansu. Aikin minti goma ne, amma a wannan kwamfuta kaɗai zai tsaya, in an sake wata sai an sake yi.

Akwai waɗansu tsofaffin haruffan Hausa da aka yi amfani da su kafin Unicode ya yaɗu, waɗanda su ke aron gurbin wata alama su sa lanƙwasa a ciki. Sun yi amfani a zamaninsu, amma takardar da aka buga da su in ta je kwamfutar da ba ta da su, sai a ga baka ko wata alama a tsakiyar kalma. A tsaya ga Times New Roman ko Arial, suna ɗauke da haruffanmu. Duk wasiƙar da za a aika Katsina ko sakatariyar ƙaramar hukuma ta waya ko ta intanet, a mai da ita PDF tukuna, domin ta isa yadda ta fita.

Jan layin da Word ta ke ja a ƙarƙashin kalmomin Hausa ba kuskuren malami ba ne, ita ce ta ɗauka Turanci a ke rubutawa. A kashe mata duba rubutu da gyaran kai tsaye. In kuwa ta juya waƙafin sama na 'ya'ya ko 'yan ya fuskanci baya, a danna Ctrl da Z nan take, zai miƙe.

Suna Da Mazaunin Kowace Takarda

Kada a tara takardu a fuskar allo kamar kayan koli. A buɗe babbar jaka guda da sunan gunduma, a cikinta jaka ga kowace shekara, a cikin shekara kuma a kasa bisa aiki: wasiƙun fada, na ƙaramar hukuma, gonaki da filaye, gado, tsaro, lafiya. Sunan takarda ya fara da shekara, sa'an nan wata, sa'an nan rana, sai gari da batu, kamar haka: 2025-04-03 Rimaye iyakar gona, ko 2025-11-20 Yashe rigakafi. In an yi haka na'ura da kanta za ta jera su bisa kwanan wata. Suna irin su wasiƙa, sabuwar wasiƙa, wasiƙa ta ƙarshe, ba su da amfani ga kowa bayan mako guda. Maɓallin F2 shi ke ba da damar sake suna.

Sai batun rubutun sunayen garuruwa. Wani ya rubuta Kankia, wani Kankiya, na'ura kuwa in an ce ta nemo ɗaya ba za ta kawo ɗayan ba. Hakimi ya tsai da rubutu guda ga kowane gari da unguwa na ƙasarsa, a buga jerin, kowa ya bi.

Jerin sunayen mutane a manhajar Excel ya fi dacewa, amma tana da wata ɗabi'a da ta ɓata aiki da yawa. Lambar wayar Nijeriya 11 ce, da sifiri ta ke farawa, Excel kuwa ta kan ɗauke ta lissafi ta jefar da sifirin. Kafin a fara shigarwa a zaɓi layin duka a gaya mata rubutu ne, ba lissafi ba. Haka za a yi wa layin lambar ɗan ƙasa ta NIN da lambar asusun banki.

Wuta, Zafi Da Ƙura

Ko wutar KEDCO a ke amfani da ita, ko janareto, ko sola, malami ya saba wa hannunsa danna Ctrl da S bayan kowane sakin layi. Word tana yin ajiyar gaggawa da kanta duk bayan minti 10, ana iya rage shi zuwa 2. Kada a jona kwamfuta sai janareto ya tashi ya daidaita. Kwamfutar tebur tana bukatar ɗan akwatin batir mai riƙe wuta, wanda zai ba da sararin ajiye aiki a kashe ta cikin natsuwa. Da damina in hadari ya taso da tsawa, a zare waya daga bango.

Ƙurar hunturu da zafin bazara su ne manyan abokan gabanta a ƙasarmu. A rufe ta da ƙyalle bayan an kashe, ba tana aiki ba. Ta tafi-da-gidanka kada a ɗora ta a kan darduma ko matashi, gama ta ƙasa da gefe ta ke shan iska.

Ajiya Da Amana

Takardar da ke wuri ɗaya tak, ranar da na'ura ta mutu ko aka sace ta, ta tafi ke nan. Kowace Alhamis a kwafe babbar jakar gunduma a filas ko faifan ajiya na waje, a kulle shi a wani ɗaki dabam. Abin da ya shafi gona da gado da iyaka kuwa a buga shi a takarda, hakimi ya sa hannu, a sa a fayil kamar dā. A sani kuma, abin da aka goge daga cikin kwamfuta yana zuwa kwandon shara, ana iya maido shi, amma wanda aka goge daga filas ba ya biyawa ta can.

Filas ɗin ajiya kada ya je shagon buga takardu na kasuwa, domin ta nan ne cutar kwamfuta ta fi yawo. A ware wani na aike, in ya dawo a sa mai gadin Windows, watau Microsoft Defender, ya bincike shi kafin a buɗe. Ofishin da har yanzu ke kan Windows 10 ya sani kamfanin Microsoft ya daina aika mata gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. In na'urar za ta ɗauki Windows 11, wadda ta fito a 2021, a koma kanta. In ba za ta ɗauka ba, a rage haɗa ta da intanet.

Sunayen talakawa da lambobinsu amana ce, doka ma ta shigo ciki, gama a watan Yuni na 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya. Ba daidai ba ne a ba ɗan siyasa ko ɗan kasuwa jerin don ya roƙa, ko a jefa shi a zauren WhatsApp. In malami zai tashi salla ko hakimi ya kira shi, ya danna maɓallin Windows da L, allon ya kulle. Yaran gida ba su da hurumin kallon fim a kwamfutar ofis.

Kalmar sirri kuma kada ta zama sunan ɗa ko shekarar haihuwa, kada kuma ta zauna a kan mutum ɗaya. Malami ya rubuta ta, ya sa a ambulan, ya liƙe, ya damƙa wa hakimi, in an sake ta a sake ambulan. Ranar da zai bar aiki ko a ɗauke shi, takardar miƙa aiki ta ƙunshi kwamfutar da cajarta, da filas ɗin ajiya, da jerin jakunkuna, da adireshin imel na ofis. Wanda ya gaje shi ya buɗe takarda uku ko huɗu a gaban hakimi ya ga sun buɗu, sa'an nan su biyun su sa hannu, ya sake kalmar sirri a ranar.