Yadda Ake Zaɓen Dutsen Guga Don Shafa Kaki a Allon Zamiyar Ƙanƙara

Masu kallon bidiyon wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a YouTube sukan ga mutum ya kifa dogon allonsa a kan tebur yana bin sa da dutsen guga. Kaki yake narkarwa don ya ratsa ƙasan allon, ya ƙara masa santsi. A Norwe, Suwizalan, Ostiriya da Kanada mutane da yawa a gida suke wannan aiki, kuma dutsen guga marar kyau kan iya ƙona allo mai tsada cikin ɗan lokaci.

Inda haɗarin yake

Ƙasan allon roba ce da ake kira folitilin, wadda ke fara narkewa idan zafinta ya kai wajen digiri 135 a ma'aunin Salshiyas. Kaki mai laushi, na ranakun da sanyi ya yi sauƙi, yana buƙatar zafin digiri 110 zuwa 120. Mai tauri kuwa, na tsananin sanyi, yakan nemi 140 zuwa 150. Ke nan wani lokaci dutsen ya fi abin da robar za ta iya jurewa zafi, kuma abin da ke cetonta shi ne dutsen yana tafiya bai tsaya ba. Saboda haka ake neman dutsen da ke riƙe zafinsa daidai.

Matsalar dutsen gugar kaya

Dutsen gugar tufafi ɗigo-ɗigo yake nunawa a maimakon lamba: ɗigo ɗaya kusan digiri 110, biyu 150, uku 200. Na'urar da ke daidaita zafinsa tana kashe wuta idan ya yi zafi, ta sake kunnawa idan ya huce, don haka zafin yana hawa yana sauka. Farantinsa siriri ne, da ya taɓa allo mai sanyi sai ya huce, sannan ya dawo da zafin da ya wuce kima. Ga kuma ramukan tururi da kaki ke cikawa.

Abubuwa huɗu da za a duba

1. Kaurin faranti. Faranti mai kauri yana ajiye zafi kamar tukunyar ƙarfe mai nauyi. Ya fi yawan wat muhimmanci.
2. Ma'aunin zafi. A nemi mai lambobin digiri a jiki. Mai juyawa da hannu ya wadatar ga wanda ke shafa kaki jefi-jefi, mai allon dijital kuma ya fi dacewa da mai yawan amfani da kaki mai tauri.
3. Siffar faranti. Ya kasance babu ramuka, gefensa a lanƙwashe, faɗinsa ya rufe allon.
4. Ƙarfin lantarki. Turai na amfani da bolt 230, Amurka da Kanada 120. Wanda ya yi odar na Amurka ta intanet ya jona shi a Turai zai ƙone shi.

Sanannun kamfanoni a wannan fanni sun haɗa da Swix na Norwe, Toko na Suwizalan da Holmenkol na Jamus. Toko T8 mai wat 800 na masu farawa ne, T14 kuma dijital ne.

Yadda ake amfani da shi

A karanta zafin da aka rubuta a kwalin kakin, a saita dutsen, a jira ya daidaita. Sai a ɗiga kakin a kan allon, a ja dutsen daga gaba zuwa baya ba tare da tsayawa ba. Idan hayaƙi ya tashi, zafi ya yi yawa, a rage nan take. A buɗe taga, domin shaƙar hayaƙin kaki na cutar da huhu. Bayan allon ya huce sai a kankare rarar kakin, a bi da buroshi.

Mai niyyar shiga gasa ya lura cewa hukumar wasan ta duniya, FIS, ta haramta kaki mai sinadarin fulorin tun kakar 2023/2024. Dutsen da aka taɓa narkar da irin wannan kaki da shi zai iya shafa wa allo ragowarsa, don haka mai sayen na hannu ya fara tambayar irin kakin da aka yi amfani da shi.