Ɗalibin Hausa a Ajin Ingilishi na Intanet: Matsalolin Sauti da na Al'ada

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wahalar da ɗalibi Bahaushe ke fuskanta idan ya shiga ajin Ingilishi na wata jami'ar waje ta intanet. An ɗauki ɗalibin da ya taso a Gude, cikin ƙaramar hukumar Kabo da ke maƙwabtaka da Gwarzo, a matsayin misali. Maƙalar ta nuna cewa ajin intanet yana raba ɗalibin da abubuwan da ya saba dogara da su wajen fahimtar malami, wato kallon baki da karanta fuska.

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun Nijeriya saboda annobar korona, jami'o'in duniya da dama kuma suka mayar da darussansu kan Zoom da Google Meet. Tun daga lokacin, ɗalibin da ke neman gurbi a waje yakan fara da kwas ɗin share fage na Ingilishi, ko shirin jarrabawar IELTS, yana zaune a gida. Batun ya shafi Kano kai tsaye, ganin cewa a 2023 gwamnatin jihar ta farfaɗo da tura ɗalibai karatun digiri na biyu a Indiya da Yuganda.

Ɗalibin Gude ya fara haɗuwa da Ingilishi ne a aji. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa a farkon firamare, sannan a koma Ingilishi. A gida da kasuwa da masallaci kuwa, Hausa ce ke aiki. Saboda haka Ingilishinsa ya fi ƙarfi a rubuce fiye da a kunne.

2.0 Matsalar Sauti

Hausa ba ta bambanta /p/ da /f/ a matsayin ƙwayoyin sauti biyu, ba ta kuma da /v/. A ajin ido da ido, ɗalibi na ganin haƙoran malami sun taɓa leɓe, sai ya gane "fan" aka faɗa ba "pan" ba. Idan layi ya yi rauni aka kashe kyamara don tattalin data, wannan shaidar ta tafi.

Haka kuma gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere. Shi ya sa ararrun kalmomi suka zama burodi da sukurudireba, ta hanyar saƙala wasali. Ɗalibin kan yi wa Ingilishinsa irin wannan saƙalawar, malamin da bai san Hausa ba kuma sai ya ɗauka kuskure ne na ganganci ko rashin ƙwazo.

Na uku, Hausa harshe ne mai karin sauti, wanda ke raba kukan yaro da itaciyar kuka. Ingilishi kuwa nauyi yake ɗora wa gaɓa ɗaya ya raunana sauran. Kunnen da ya saba jin kowace gaɓa a fili yakan rasa gaɓoɓin da aka haɗiye, musamman ta ƙaramar lasifikar waya.

3.0 Matsalar Al'ada da Muhalli

Wanda ya tashi a gaban malaman allo da na boko a ƙasar Hausa ya koyi cewa ba a katse malami, ba a kiransa da sunansa gatsau, ba a kuma ƙura masa ido. Hausawa kan ce shiru ma magana ce, kuma malamin gida ya iya karanta shirun ɗalibinsa. A Zoom kuwa, shiru baƙin akwati ne kawai mai ɗauke da suna. Inda ake ba da maki kan shiga tattaunawa, ladabi sai ya koma asara.

Akwai kuma lokaci. Indiya na gaban Nijeriya da awa 4 da rabi, don haka darasin ƙarfe 9:00 na safe a can ƙarfe 4:30 na dare ne a Gude, kafin kiran Asuba, a wayar da ƙila ba ta sami caji ba.

4.0 Kammalawa

Mafi yawan waɗannan matsaloli ana iya hango su tun daga tsarin Hausa kanta. Don haka aikin na masana Hausa ne kafin ya zama na malaman Ingilishi. Maƙalar na ba da shawarar sassan nazarin harsunan Nijeriya, irin na Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo, su shirya gajerun darussan murya cikin Hausa masu kwatanta sautukan harsunan biyu, waɗanda za a iya saukewa a saurara ba tare da intanet ba. A haɗa da bayanin ladubban ajin waje, domin ɗalibi ya san cewa a can tambaya ita ce alamar girmama malami.