Kafin Ku Zaɓi Dattawan Ikilisiya

'Yan'uwa, duk lokacin da zaɓen dattawa ya gabato, akan dubi mai dukiya, ko ɗan dangi, ko wanda Allah ya hore wa fasahar magana, a ɗora masa amanar jama'a, alhali kuwa sharuɗɗan da Manzo Bulus ya zayyana wa Timoti da Titus galibinsu a kan hali suke. Saboda haka, ku karanta 1 Timoti sura 3 a gaban taro tun kafin a ambaci sunan kowa, sa'an nan ku bincika yadda mutum yake riƙon iyalinsa, da irin shaidar da maƙwabtansa, har waɗanda ba Kirista ba, suke bayarwa a kansa, domin abin da ya ɓuya ranar Lahadi a kasuwa yake bayyana. Sabon tuba, kome himmarsa, a yi masa jinkiri.

Batun baiko kuwa, wanda shi ma amanar jama'a ne, kada ku bar shi a hannun mutum guda, ko da fasto ne. Bulus kansa bai yarda ya kai gudummawar da aka tara wa masu bi na Urushalima shi kaɗai ba. A ƙirga a gaban shaidu biyu, a rubuta, a karanta wa jama'a lissafin kowane wata.