Amsoshin Tambayoyinku: Lallashin Wanda Ya Kuɓuta

Wata mai sauraro daga Talata Mafara tana tambaya: ta yaya ake kwantar da hankalin wanda ya kuɓuta daga hannun 'yan bindiga?

Masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Carl Rogers, ya bayyana wata hanya a littafinsa na 1951. Mai ba da shawara yana saurare, ya fahimci damuwar mutum, ya karɓe shi ba tsangwama, ya gaya masa gaskiya. Idan yarinya ta yi shiru tana murza bakin mayafi, ba a matsa mata.

Ɗaliban Jangebe, Kaya ta Maradun da Bakura da aka sace a 2021 suna buƙatar irin wannan kulawa. Idan firgita da rashin barci suka ɗore, a garzaya asibiti.