Bibiyar Gyare-gyare a Rubutun Wasan Kwaikwayo na Haɗin Gwiwa

1.0 Gabatarwa

Rubutun wasan kwaikwayo yakan bi ta hannuwa da dama kafin ya kai dandamali. Idan kowa ya goge abin da bai yi masa ba, ya sa nasa, asalin rubutun yakan salwanta. Wannan darasi zai duba yadda manhajar kwamfuta ke adana shawarwarin gyara, da yadda ake tantance su.

1.1 Ma'anar Bibiyar Gyara

Bibiyar gyara wata dabara ce da manhaja ke nuna duk wani sauyi da aka kawo ba tare da ta shafe asali ba. Kalmar da aka cire takan fito da layi a tsakiyarta, wadda aka ƙara kuma ta fito da wani launi, tare da sunan mai gyaran da lokacin da ya yi shi. Microsoft Word ta daɗe da wannan tsari. Google Docs ta shigo da nata a shekarar 2014, ita kuwa Final Draft, manhajar marubuta fim, ta ƙara shi a 2021. Abin lura shi ne, gyaran yana nan a matsayin shawara har sai an karɓe shi ko an ƙi shi.

1.2 Misali

A ɗauka ɗalibai biyu suna gwajin koyarwa, ɗaya a Birnin Kudu, ɗaya a Gwaram, suna kuma rubuta wa 'yan makarantunsu wasa guda ta intanet. Na Birnin Kudu ya kawo shawarwari biyu a rubutun abokinsa:

(a) Ya mayar da "Baki sun iso" zuwa "Baƙi sun iso."

(b) Ya mayar da "Na kai goro wa Liman" zuwa "Na kai wa Liman goro."

Shawara ta farko karɓaɓɓiya ce, domin rashin lanƙwasar ƙ ya sauya ma'ana. Ta biyu kuwa tana buƙatar nazari. Gwaram tana iyaka da Jihar Bauchi, kuma a karin Bausanci akan jinkirta wanda aka yi wa aiki zuwa bayan karɓau. Idan da gangan marubucin ya sa jimlar a bakin wani dattijo daga wancan yanki, to gyara ta tamkar tuɓe wa ɗan wasa rigarsa ne. Da a ce an goge ta kai tsaye, da marubucin bai ma san an yi ba.

1.3 Matakan Tantancewa

1. A naɗa mutum guda mai yanke hukunci.
2. Mai gyara ya rubuta dalilinsa a gefen shafi.
3. A bambance kuskuren ƙa'idar rubutu da salon maganar ɗan wasa. Umarnin fitowa da bayanin wuri su bi daidaitacciyar Hausa.
4. A duba shawarwari ɗaya bayan ɗaya, kada a karɓe su a dunƙule.

1.4 Kammalawa

Manhaja tana nuna inda aka taɓa ne kawai, hukunci na mai ilimin harshe ne. Malamin da ya saba da wannan tsari zai riƙa tambayar ɗalibinsa dalili kafin ya ɗora masa jan biro.

Auna Fahimta

1. Mene ne bambancin gyara da shawarar gyara?
2. Kawo jimloli uku daga karin harshen yankinku waɗanda bai kamata a gyara su a bakin ɗan wasa ba.